Ido Biyu a Shagon Sallau

A shagon Sallau, dab da Ƙofar Ƙaura,
idon kyamara biyu ne kwance a kan tsumma,
kai ka ce tagwaye:
tsawo ɗaya, nauyi ɗaya,
lamba hamsin a goshin kowanne.
Kuɗin ma, tazarar ba ta kai cefanen yini ba.

Sallau ya ce, "Kwashi duka ka gwada,
ka maido mini ɗaya kafin la'asar ɗin gobe.
Ni sayarwa nake, ba na zaɓar wa mutum ido."

Na farko sabo ne fil, da kaifin askar wanzami.
Na ɗaura shi, na tsaya gindin Gobarau.
Ya ƙirgo mini kowace tsaga a jikin yaɓe,
da shatin yatsun magini,
da tururuwar da ke hawa da guzurinta a baki.
Bai rage kome ba.
Bai yafe wa kowa ba.

Na biyu ya sha hannu.
Wai daga Maraɗi ya shigo, a jakar wani mai hoton biki,
ga ɗan karce a gefe kamar tabon ƙuruciya.
Shi ba ya ƙirga.
Ya kamo hasken yamma ya dama shi,
jar ƙasa ta koma zuma,
fitilun masu shayi can baya suka narke,
suka zama kwabbai a ƙasan ruwa.

Barmo, abokin sana'ata, ya karanto mini lambobi a waya,
ya ce masana sun gama magana, sabon ya yi rinjaye.
Na ce to, masanan sun taɓa ganin Goggo Tabawa?

Na iske ta a Rafindadi, tana ɓarar gyaɗa a faifai.
Na ɗauke ta sau biyu, zama ɗaya, haske ɗaya,
ba ta ko gyara kallabi ba.
Da dare na wanko su, da hantsi na miƙa mata.

Ta kai na farko dab da hanci, ta yi dariya:
"Wagga ni ce.
Ga zanen gidanmu nan,
ni da na ɗauka tamoji sun cinye shi.
Har haƙorin da goro ya ɓata bai bar mini ba, ɗan nema."

Ta ɗauki na biyu.
Gyaɗa ta tsaya a hannunta.
Kaza ta zo ta yi ta tsince faifai, ba a kore ta ba.

"Wagga ko Dudu ce," in ji ta.
"Ina ka samo ta?"

Dudu ƙanwarta ce, na san sunan kawai.
Ta rasu tun ba a haifi mahaifina ba,
ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba.

Na ce, "Goggo, ke ce fa."
Ta ce, "Na ji."
Ta ba ni na farko in kafa a bango don baƙi.
Na biyu ta naɗe a gefen zane,
inda take ƙulle canji.

Kuɗin ido ɗaya ne a aljihuna.
Na zaga ta Ƙofar Sauri don hanya ta yi tsawo,
ina auna su a tafin hannu,
har yanzu nauyinsu ɗaya.

Ana kiran la'asar na ajiye sabon a kan tsumma.
Sallau ya ɗaga gira: "Wannan fa ya fi kaifi."
Na ce na sani.
"Barmo zai zo ya saye shi."
Na ce Allah ya sa ya more.

Har yau masu hoton takarda suna ƙorafi,
wai gefen kunnensu bai fito sosai ba.
Ina ba su haƙuri, in tura su wurin Barmo.
Idan yamma ta yi kuwa sai in goge ɗan karcen da gefen riga,
in rataya kyamara, in bi lungu,
ko wani zai tsaya mini
ya tafi gida da fuskar da ya daɗe bai gani ba.